Ratsin Rigar Baldiri

Ranar Talata aka kawo rigar, muna tsakar cin abincin rana a gidan Yaya Coloma, farin wake da ɗan kifin gishiri. Fada Eudald ne ya hawo matakala yana haki, hularsa a hannu, ƙunshi a hammata. Duk wanda ya zauna a unguwar masaƙa a waccan shekarar ya san abin da ake nufi idan limamin coci ya shigo gidan mutum da hula a hannu. Yaƙi ya ƙare, an ƙwace mana tsibiran Kyuba da Filifin, jiragen ruwa suna ta sauke abin da ya rage na samarinmu a Barsalona. Wanda bai sauko da ƙafarsa ba, takarda ke zuwa a madadinsa.

Takardar ta ce Baldiri Rovira, ɗan Yaya, sojan da ke dawowa daga Kyuba, zazzaɓi ya kashe shi a jirgi saura kwana shida a iso, an sa shi a teku. Ƙunshin kuwa rigar soja ce guda ɗaya, a ninke, an ɗaure ta da igiya, tana warin farar wutar da ake turara wa kayan masu cuta.

Ni na fara kuka. Ni ce ƙanwar Yaya, Remei, kuma tun muna yara aka raba mana aiki a gidanmu, ita faɗa, ni kuka. Yaya ta goge hannu, ta jawo ƙunshin gabanta. Ko igiyar ba ta kwance ba. Ta ɗora babban yatsa a kan yadin, leɓɓanta suna motsi, ta ɗaga, ta sake ɗorawa a wani wurin.

"Wannan ba rigar ɗana ba ce," in ji ta.

Fada ya yi ƙasa da murya. "Coloma, 'yata, na san da zafi, amma..."

"Fada, kai ka san littafinka, ni na san zarena. Ina aka kai yaron nan?"

"Kyuba mana."

"To wannan yadin Filifin ne. Ka mayar musu su nemi mai shi."

Wanda bai san Yaya ba zai ce baƙin ciki ne ya juya mata kai. Mu da muka san ta ba mu isa mu ce haka ba. Shekara talatin da ɗaya tana wadari a masaƙar garinmu, ita ke jera zare kafin a ɗora wa injuna, kuma tun da aka fara yaƙi ba abin da muke saƙawa sai yadin soja, fari da shuɗi. Takardun gwamnati suna kiransa rayadillo, mu kuwa mai ratsi muke ce masa. Iri biyu ke fita daga hannunta. Na Kyuba ratsinsa siriri ne, takwas ke shiga ƙarƙashin babban yatsanta, daga nesa ma ba ka ganin ratsin, sai ka ɗauka ruwan toka ne. Na Filifin mai faɗi ne, uku kacal. Me ya sa aka bambanta su? Oho. Wani babba ne ya ga dama can a birni, mu ba a yi shawara da mu ba.

"Uku," ta ce da Fada, tana nuna masa kamar zai gane. "Kuma dubi girmanta." Ta auna faɗin rigar da hannu. "Taƙi biyu. Baldirin da sai ya karkata yake shiga ƙofar nan? Hannunsa ɗaya ba zai shiga wannan ba. Ɗan wata ne, Allah ya ba ta haƙuri, amma ba nawa ba ne."

"Ai sunansa ne a takarda."

"Akawu ne ya rubuta takarda. Ka taɓa ganin akawun da ya san zare daga taliya?"

Fada ya miƙe. Ya ƙi tafiya da rigar, don bai san inda zai mayar da ita ba. A bakin ƙofa ya juyo ya tuna mata cewa saura kwana goma sha uku ranar tunawa da matattu, ranar da yake karanta sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, a kaɗa wa kowanne ƙararrawa sau ɗaya. "Ki faɗa mini kafin ranar," ya ce, "in sa sunansa ko kada in sa."

Yaya ta naɗe ƙunshin cikin farin ƙyalle, ta ajiye a kan akwati, ta ce kada wanda ya buɗe. Kayan ɗan mutane ne, ba mu da ikon yi masa bincike. Sannan ta zauna ta ƙarasa wakenta.

Ni kuwa ban sake taɓa waken ba, saboda akwai abin da na sani wanda ita ba ta sani ba.

Shekara biyu kafin nan, da ƙuri'ar ɗibar soja ta faɗa kan Baldiri, ya zo gidana sallama sanye da rigar da aka ba shi. Yadin kamar rariya, ba namu ba ne, kuma maɓallan suna neman tsinkewa a ƙirjinsa. Na ce ba za a kai ɗan 'yar'uwata ƙetare da wannan abin kunyar ba. Ina da wani ƙarshen yadi da na fito da shi daga masaƙa a ƙarƙashin tufafina, ba tare da na tambayi kowa ba. Kada a yi mini kallon nan, rabin matan unguwar da irinsa suke yi wa 'ya'yansu wando. Na Filifin ne, mai faɗin ratsi, shi kaɗai nake da shi. Na ɗinka masa riga cikin kwana biyu, na ce ya sa a ƙasan jaka, kuma ya rufa mini asiri wurin uwarsa.

"Inna Remei," ya ce yana dariya, "in saje ya ga ratsin nan zai ce na ɓata hanya ne, ya tura ni wata duniyar."

"Ka ce masa ido ne ke yi masa gizo. Kai dai kada Yaya ta ji."

Dalili kuwa, Yaya ba ta wasa da zaren masaƙa. Ta taɓa kai ƙarar 'yar kawunmu a kan dunƙulen zare biyu, aka kore ta, aka karɓe gidan da take ciki, don gidajen unguwar duk na masu masaƙa ne. Baldiri ma bai tsira ba. Yana ɗan shekara bakwai ta koya masa ƙullin masaƙa, wanda muke haɗa zare da shi in ya tsinke, shi kuwa ya ɗauki wata ɗabi'a ta yin ƙullin sau biyu, ɗaya a kan ɗaya, wai don kada ya kwance. Ya sha ranƙwashi a kan wannan ɓarnar zaren har ya girma bai daina ba.

To ga ni nan dai. Rigar da na ɗinka mai faɗin ratsi ce, wannan ma haka. Amma tawa taƙi uku ce da yatsa huɗu, ni na auna shi, na san abin da na yanka. Wannan taƙi biyu ce. Tawa shuɗinta ya ji baba, wannan ta koɗe. Tawa maɓallan ƙashi na sa mata, wannan na tagulla na hango. Kuma riguna masu faɗin ratsi, mu da kanmu mun saƙa yadin dubbai. Da safe sai in ce ba ita ba ce, in ji sanyi. Kafin a tashi daga aiki na ce ita ce. Sau biyu ina yanke zaren injina da kaina saboda hankalina ba ya jikina.

Matan masaƙa ba su taimaka ba. Kowace da iliminta. Wata ta ce ai rana tana cinye siraran ratsi, su haɗu su zama masu faɗi. Yaya ta ce da ita, "Ke kuma rana ce ta cinye miki ƙwaƙwalwa? Zare yana haihuwa ne?" Wata ta ce ƙila daga Kyuba aka wuce da shi Filifin, ai duk tsibirai ne, ba za su yi nisa da juna ba. Aka yi ta musu a kai har mai kula da mu ya zo ya ce tafiyar wata goma ke tsakaninsu, shi ma daga baya aka gane bai sani ba. Wasu suka fara gaishe da Yaya da gaisuwar mutuwa, ta ƙi amsawa. Wasu suka yi mata barka, ita ma ta ƙi amsawa. Ta ci gaba da zuwa aiki da jan mayafinta, kuma kowace Lahadi tana shanya bargon Baldiri a taga don kada ya dawo ya tarar yana warin ajiya.

Ranar Juma'a ta mako na biyu ta ce, "Remei, gobe za mu Barsalona. Za mu mayar da rigar, kuma za su faɗa mini inda suka kai mini yaro."

Na ce ƙafata tana ciwo. Ta ce ai jirgin ƙasa ba da ƙafata zai yi tafiya ba.

Ofishin sojan yana kusa da tashar jiragen ruwa, kuma tun daga kan titi muka tarar da layi, mata zalla, kusan duka cikin baƙi. Jan mayafin Yaya ya sa kowa ke waiwayen mu. Muka tsaya tun hantsi har rana ta take, sannan muka isa gaban wani akawu mai gashin baki da tawada a yatsu. Yaya ta ajiye ƙunshin a kan teburinsa ta yi masa bayani tiryan-tiryan, takwas da uku, Kyuba da Filifin.

Ya dube ta, ya dubi rigar. "Baiwar Allah, ai duk ratsi ne."

"Kai ma duk mutum ne, amma ba a ba ka kujerar janar ba."

Ya haɗiye wannan, ya buɗe wani ƙaton littafi. Ya sami Baldiri Rovira a cikin waɗanda suka mutu a jirgi. Sai ya ce mu dakata, ya buɗe wani littafin, ya sami Baldiri Rovira kuma a cikin waɗanda aka bari a asibiti can Kyuba saboda ba su iya tafiya ba. Ya koma na farko. Ya dawo na biyu. Ya kira wani abokin aikinsa, suka haɗa kai suna nuni da alƙalami.

"To wanne ne?" in ji Yaya.

"Mai yiwuwa mutum biyu ne masu suna ɗaya. Mai yiwuwa kuma mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, an fara barin sa a asibiti, daga baya aka sa shi a jirgi."

"Ko kuma yana asibitin har yanzu."

"Shi ma mai yiwuwa ne."

"Rigar fa?"

"Riga ba aikina ba ce. Ku hau sama, ofishin tufafi."

A sama aka ce mana ofishin tufafi yana bayar da riga ne, ba ya karɓa. Aka tura mu ƙasa. A ƙasa aka ce mai kula da kayan mamatan Filifin ya fita cin abinci, kuma ko ya dawo ba zai karɓi rigar da takardarta ta ce Kyuba ba. Muka fito da ƙunshinmu yadda muka shiga da shi. Yaya tana ta murmushi, ta riƙe maganar asibitin nan gam. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, har na fara gaskata ta. In akwai Baldiri a littafin masu rai, kuma rigar ba girmansa ba ce, me zai sa in buɗe baki in tona wa kaina asiri a banza?

A bakin tasha wani mutum yana gasa kastanya, wasu 'ya'yan itace masu ɓawo, a kan garwashi yana sayarwa. Ƙafarsa ɗaya ce, kuma sanye yake da rigar soja mai ratsi, ta yi masa yawa kamar an rataya ta a ƙusa. Yaya ta wuce shi da taku biyu, sai ta ja ta tsaya, ta dawo. Ba sallama ba komai ta kama hannun rigarsa ta ɗora yatsa.

"Ikon Allah," in ji mutumin. "Baba, in aure ne ki bari in wanke hannu tukuna."

"Biyar," ta ce. "Wannan wane irin yadi ne? Ba takwas ba, ba uku ba. Ina ka yi yaƙi?"

"Kyuba. Tofol sunana, in za a rubuta a takardar aure."

"Ƙarya kake yi. Na Kyuba takwas ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi bai taɓa sanin ana ƙirga su ba. Ya ce a shekarar farko, e, kowa da irin rigar ɗan'uwansa, saje yana duba maɓalli. Amma da ruwan sama da ƙaya suka cinye na farko, kowa abin da ya samu yake sawa. Akwai wanda tela na can ya ɗinka masa da yadin kasuwa. Akwai rigunan da aka aiko daga wani tsibirin bisa kuskure. Akwai wanda ya zo da tasa daga gida. "Wannan da kike gani, ta wani ɗan Balansiya ce da ya kwanta kusa da ni a asibiti. Da ya gama da ita na ɗauka. Tawa kuma Allah kaɗai ya san wanda ke cikinta yanzu, ko a sama ko a ƙasa."

Murmushin Yaya ya tafi. "Kana nufin wanda ke Kyuba yana iya sa mai faɗin ratsi?"

"Yana iya sa buhun gari ma, in ya samu."

"To ashe tana iya zama tasa." Can kuma fuskarta ta sake washewa. "Amma ka ce ana musayar riga. Ko da tasa ce, wani ne ya mutu a cikinta."

"Shi ma yana faruwa."

"Kuma ta yi masa kaɗan. Ɗana ƙato ne, ka ga ƙofar can? Kamar haka."

Tofol ya daina dariya. Ya juya kastanyarsa da cokali, bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, ni ma da na tafi, buhu biyu nake ɗauka a kafaɗa." Ya zuba mana kastanya a takarda, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Yaya ba ta ji wannan maganar ba, ko kuwa ta ƙi ji. Ni na ji ta, kuma ta bi ni har cikin jirgi. Duk hanya Yaya tana lissafa abin da za ta yi: za ta sa Fada ya rubuta wa asibitin wasiƙa, za ta aika da safa, ai sanyi zai tarar a nan idan ya dawo. Ta tambaye ni ko safa biyu sun isa. Na ce sun isa. Na ji na tsani kaina, na tsani yadin da na sata, na tsani babban da ya zauna a birni ya raba ratsi gida biyu don ya sami abin yi.

Washegari Lahadi, jajiberin ranar da Fada zai karanta sunaye. Bayan an fito daga coci na bi ta gida. Tana shanya bargon a taga.

"Yaya, zauna. Akwai magana."

"Faɗi, ina jin ki."

Na faɗa mata. Ban iya tsara ta ba, na fara daga maɓalli na koma kan yadi, na dawo kan ranar da ya zo sallama. Na jira faɗa. Na ma shirya jin cewa gobe za ta kai ni gaban masu masaƙa.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Yadin wa?"

"Na masaƙa."

"Wadarin wa?"

"Naki. Na watan da aka kawo sabon baba."

"Taƙi nawa kika yanka?"

"Uku da yatsa huɗu."

"To ba ita ba ce. Wannan biyu ce. Ke da ƙirga ba ku taɓa shiri ba, amma ba kya ɓatar da taƙi guda." Ta gyara bargon. "Shekara biyu kina kallona kina ɓoye mini. Za mu yi wannan maganar daga baya."

"Yaya, ni ma ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kwana goma sha biyu ina juya abin a kaina. A buɗe ta kawai. Kin san ɗinkina."

Ta sani kuwa. Ni bahaguwa ce, ɗinkina yana kwantawa ne ta ɗaya gefen, saɓanin na kowa. Mahaifiyarmu ta yi dukan duniya ban gyaru ba, kuma Yaya tana iya gane ɗinkina daga ƙofar ɗaki.

Ta baro tagar. Sannan ta ɗauko ƙunshin daga kan akwati, ta ajiye a tebur inda haske ke shigowa, ta kwance farin ƙyallen. Igiyar ta ƙi kwantuwa, ba ta yanke ta ba, ta bi ta a hankali da farce har ta saki. Ta warware rigar. Gwiwar hannu duk faci, maɓallan ba biyu da suka yi kama da juna. Ta juya cikinta waje.

A kowane gefe, daga hammata zuwa ƙugu, yadi ne a tattare a ciki, an ninke shi an danne. Yaya ta buɗe ninkin da yatsa. Can a bakin yadin ga ɗinkina, ƙanana, a kwance ta hagu.

"Tasa ce," na ce. "Amma kin ji abin da mai kastanya ya ce. Ƙila ya ba wani, wani ƙarami, shi ya rage ta..."

"Yi shiru, Remei."

Ba ɗinkina take kallo ba. Yatsa biyu daga nawa, zuwa ciki, akwai wani layin ɗinki, manya-manya, da baƙin zare, irin na namiji. Yatsa biyu daga wannan akwai wani, da farin zare. Sai na uku, da zaren da aka zaro daga jikin rigar kanta, shuɗi da fari. Sau uku aka rage ta, ba a rana ɗaya ba, don kowane layi yadin da ke bayansa ya fi na gabansa shuɗi. Na farkon a miƙe yake. Na biyun ya ɗan karkace. Na ukun yana tafiya kamar sawun mai maye, wani wuri ɗinkin ya yi tsalle, wani wuri an soka allura sau uku a rami ɗaya.

Yaya ta bi layin farko da yatsa har ƙarshensa, ta tsaya. Ƙullin masaƙa ne, shimfiɗaɗɗe, an yi shi sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ta bi na biyu. Haka. Ta bi na uku, a hankali, kamar tana tsoron ya ƙare. A ƙarshensa ƙullin farko yana nan daram. Na biyun an fara shi, an zagaya zaren, ba a ja ba.

"Na hana shi wannan," ta ce. Muryarta ba ta canza ba. "Sau nawa ina hana shi. Ɓarnar zare."

Ta shimfiɗa rigar a tebur. Ta ɗora hannu daga ɗinkina na wannan gefe zuwa na wancan, uku da yatsa huɗu. Ta matso ciki ta auna na baƙin zare, ta auna na fari, ta auna na ƙarshe. Biyu. Ta bar hannunta a nan.

"Haka yake yana ɗan shekara goma sha biyu," ta ce. "Shekarar da na yi masa rigar zuwa coci. Kin tuna? Taƙi biyu cif." Ta ɗago ta dube ni, karon farko tun da na fara magana. "Kullum ina ce masa ɗan masaƙiya ba ya yawo riga tana masa reto. Ashe yana ji."

Ni dai aikina na yi, na yi kuka har na kasa tsayuwa. Ita kuwa ta kama bakin zaren nan da aka bari, ta ja shi a hankali har ƙulli na biyu ya zauna a kan na farko. Ta mayar da rigar daidai, ta ninke ta. Ta je taga ta ɗauke bargon, duk da rana ba ta gama dukansa ba, ta ninke shi, ta sa a akwati, ta ɗora rigar a kai.

Ta cire jan mayafinta ta miƙo mini.

"Je ki gaya wa Fada ya sa sunan," ta ce. "Ki ce Baldiri Rovira, ɗan Coloma mai wadari, kada ya rikita shi da wani. In kin dawo ki biyo mini da baƙin rini."